Darajar Takardun Shaidar Ƙwarewa a Aikin Kwamfuta



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mana, mun ga ana so mu yi magana a kan takardun shaidar nan da kamfanonin kwamfuta ke bayarwa, irin su CCNA ta kamfanin Cisco, da na Microsoft da Oracle da Amazon: shin suna da amfani ga mai neman aiki da mai neman ƙarin girma, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kurum? Mun san abin da ya kawo tambayar, watau aljihu. A shekarar 2024 kuɗin zama jarrabawar CCNA dala 300 ne. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai kai naira 140,000 ba. Bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,500 a cikin 2024, jarrabawar ta koma kimanin naira 450,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, naira 70,000 ne. Ke nan mai ƙaramin albashi ko ya tara na wata shida bai ci bai sha ba, bai isa ya zauna jarrabawar ba, kuma in ya faɗi ba a mayar masa da ko kwabo. Wanda zai sayar da ragon mahaifiyarsa ko ya ci bashin adashi don wannan takarda, yana da hakkin a gaya masa gaskiyar abin da zai saya.

Bari mu soma da abin da iyayenmu suka sani. A shekarun 1970, yaro ko yarinyar da ta riƙe takardar RSA ko ta Pitman, wadda ke shaida cewa tana buga kalma 50 a minti ɗaya a kan tafireta, ba ta kwana biyu tana neman aiki. Kowace ma'aikata tana da ɗakin masu buga tafireta, kuma babban sakatare ba ya iya fitar da wasiƙa ko ɗaya sai ta bi ta hannunsu. Takardar ta ciyar da gidaje, ta kai mutane Makka. Sa'an nan kwamfuta ta shigo ofis, kowane jami'i ya koma buga wasiƙarsa da kansa, aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito. Takardar ba ta yi ƙarya ba, mai ita har gobe yana iya buga kalma 50 a minti. Abin da take shaidawa ne aka daina saye a kasuwa.

A duniyar manhaja wannan juyi ya fi sauri ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Novell na Amurka, wanda manhajarsa NetWare ita ce ke haɗa kwamfutocin yawancin ofisoshi a wancan zamani, ya fito da takardar da ake kira CNE. Ana iya cewa ita ce uwar duk waɗannan takardu. Dabarar kamfanin mai sauƙi ce: ba wanda zai sayi kayanka in bai san inda zai sami mai gyara ba, saboda haka sai ka horar da masu gyaran, ka jarraba su, ka ba su hatiminka. A farkon shekarun 1990 mai riƙe da CNE shi ne ɗan lelen kasuwa. Da Microsoft ya shigo da Windows NT, ofisoshi suka riƙa sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen wannan ƙarni darajar CNE ta zube. Kamfanin Novell kansa an sayar da shi a 2011. Takardar da ta gaje ta, watau MCSE ta Microsoft, ita ma ta yi zamaninta, har a nan ƙasar akwai lokacin da kowace cibiyar koyar da kwamfuta ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a bango. A ranar 31 ga Janairu 2021 Microsoft ya daina ba da ita ɗungum.

To, ga abu na farko da muke so ku riƙe. Irin wannan takarda wasiƙa ce da ɗan kasuwa ya rubuta yana cewa wane ya iya aiki da hajarsa. Muddin ana cinikin hajar, wasiƙar tana da daraja. Ran da kasuwa ta juya wa hajar baya, wasiƙar ta zama abin ado a bangon falo. Ba laifin ɗan kasuwar ba ne, shi ma neman na kansa yake yi. Amma mai saye ya kamata ya san cewa abin da ya saya yana da wa'adi. Yanzu ma kamfanonin da kansu suke rubuta wa'adin a jiki: ta Cisco da ta Amazon shekara uku suke yi, ta CompTIA ma tun 2011 shekara uku ce bayan a da ta har abada ce, yawancin na Microsoft kuwa shekara ɗaya tak, ko da yake sabunta su ta intanet kyauta ne. Digirin da za ku karɓa a wannan jami'a ba wanda zai zo bayan shekara uku ya ce ya ruɓe.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: me ya sa mai ɗaukar ma'aikata zai yarda da takarda tun farko? Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Michael Spence, ya yi rubutu a kan wannan a 1973, kuma yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya lura da shi duk wani dillali a kasuwar kara ya san shi. Mai saye bai san cikin abin da zai saya ba, sai ya nemi alama. Alama kuwa ba ta da amfani sai in wanda ya cancanta yana samunta da sauƙi, wanda bai cancanta ba tana yi masa wuya. Ran da kowa da kowa ya iya samunta, ta daina gaya wa mai saye kome.

Abin da ya ci MCSE ke nan tun kafin kamfaninta ya binne ta. Jarrabawar tambayoyin canki-canka ce, a ba ka amsoshi huɗu ka zaɓi ɗaya. Sai waɗanda suka zauna ta suka riƙa fitowa suna rubuta tambayoyin da suka tuna, aka tara su, aka riƙa sayarwa. Mutum ya haddace su cikin mako biyu, ya shiga ya ci da maki mai yawa, alhali bai taɓa haɗa kwamfuta biyu da hannunsa ba. A Amurka har suna aka laƙaba wa irin waɗannan, ana ce musu injiniyoyin takarda. Wannan sana'a ta satar tambayoyi ba ta mutu ba, mun san wasunku suna da tarinsu a waya yanzu haka da muke magana, kuma ba mu zo yi muku wa'azi ba. Lissafi kawai za mu yi muku. Kamfanonin suna soke takardar wanda suka kama, wannan ɗaya. Na biyu, duk wanda ya ci ta wannan hanya yana rage darajar takardar da ke hannun ɗan'uwansa da ya yi karatun gaskiya, da tasa ma shi kansa, domin masu ɗaukar aiki ba wawaye ba ne, sun daɗe da gane abin da ake ciki.

Mun taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wata ma'aikata, ana neman mutum ɗaya da zai kula da sadarwar kwamfutocin ofis. Wani saurayi ya shigo da jaka cike da takardu, biyar muka ƙirga, kowace an lulluɓe ta da leda mai ƙyalli. Muka yi murna, muka ce aiki ya zo da sauƙi. Ɗaya daga cikinmu ya kai shi gaban wata kwamfuta wadda da gangan aka ɓata mata lambar adireshi don kada ta ga sauran, ya ce masa, “Malam, wannan ta ƙi shiga intanet, duba mana ita.” Saurayin ya kashe ta ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna. Gumi ya keto masa, ya ce a ganinsa sai an sauya ta. Abin ya ba mu tausayi fiye da dariya, domin a ƙiyasinmu kuɗin da ya kashe a kan takardun nan ya isa jarin ƙaramin shago. Wadda aka ɗauka daga baya takarda ɗaya gare ta, ita ma ba ta gano matsalar nan take ba. Amma ta duba waya, ta duba fitilar da ke bayan na'urar, ta buɗe allon umarni ta tambayi kwamfutar lambarta, tana yi tana faɗa mana abin da take zato da dalilinta. Da muka tambaye ta inda ta koyi haka, sai ta ce shekara guda ta yi tana taya wani mai shagon intanet aiki ba albashi. Sai dai fa mu faɗi gaskiya duka: da ba ta da wannan takarda ɗaya, da akawun da ke tace takardun masu neman aiki bai miƙo mana sunanta ba sam. Mutum fiye da ɗari suka nema, ba mai lokacin kai kowa gaban kwamfuta.

Saboda haka kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce mun ce takarda banza ce. Ita ke kai ka bakin ƙofa a kira sunanka. Kuma ba duka ne suka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda masu su suka gina su yadda hadda ba za ta yi aiki ba. Cisco ya fito da CCIE a 1993, jarrabawarta ta ƙarshe a ɗakin gwaji ake yi, a ba ka na'urori na gaske ka haɗa su, ka gano inda aka ɓata ka gyara. Da kwana biyu ake yi, daga 2001 aka mayar da ita yini ɗaya na awa takwas, kuma faɗuwa a zaman farko ba abin kunya ba ne a wurin masu yin ta. Kamfanin Red Hat tun 1999 yake jarraba masu neman takardarsa ta Linux a kan kwamfuta mai aiki, babu canki-canka ko ɗaya, abin da ka gyara shi za a duba. Takardar CISSP ta masu tsaron bayanai, wadda aka soma a 1994, ko ka ci jarrabawarta ba za a ba ka ita ba sai ka nuna shekara biyar kana aikin, sa'an nan wani mai riƙe da takardar ƙungiyar ya tsaya maka. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka maɗinki ko makaniki yake yaye yaronsa, sai ya ga aikin hannunsa shekara da shekaru kafin ya ce wa jama'a ku kai masa kayanku. Irin waɗannan takardu su ne darajarsu ke daɗewa, kuma dalili ɗaya ne da dalilin wuyarsu.

Akwai wani sirri na kasuwar nan da ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Sau da yawa kamfanin da ke neman mai takarda, takardar yake bukata don kansa. Manyan kamfanonin da ke ƙera kayan suna da dillalai a kowace ƙasa, kuma ba sa ba dillali babban matsayi da rangwamen farashi sai ya nuna yana da ma'aikata kaza masu takarda kaza. Shekaru da dama Cisco ba ya ba dillali matsayinsa na zinariya sai yana da masu CCIE huɗu. Kun ga ke nan in ɗaya daga cikin huɗun ya ce zai tafi, maigida ba zai yi barci ba. Haka nan a 2005 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa masu kula da tsaron kwamfutocinta, har da 'yan kwangila, riƙe wasu takardu da ta lissafa. Nan da nan takardar Security+ ta CompTIA ta yi farin jini a can. Amfanin sanin wannan gare ku shi ne, kafin ku biya kuɗi ku tambayi kanku: a garin da nake so in yi aiki, wa doka ko ciniki ya tilasta wa neman wannan takarda? Bankuna da kamfanonin waya da dillalan kayan sadarwa da 'yan kwangilarsu suna nema. Ku tattara tallace-tallacen aiki na wata uku, ku ƙirga sunan da ya fi fitowa. Wannan ƙirga ta fi shawarar mai cibiyar koyarwa, domin shi abin da yake da malaminsa shi zai yaba muku.

Masu sha'awar rubuta manhaja kuwa, watau ƙirƙirar ta daga tushe, maganarku gajera ce. A fanninku takarda ba ta da nauyin da take da shi a fannin sadarwa da tsaro da hayar kwamfutoci ta intanet. Mai ɗaukarku zai ce ku nuna abin da kuka rubuta a GitHub, ko ya ba ku matsala ku warware yana kallo. Gani ya kori ji.

Yanzu mu juyo kan ƙannenmu na gwamnati, domin su ne suka fi shiga ruɗani. Tun bayan rahoton Udoji na 1974 aikin gwamnati a kan matakai yake tafiya, kuma abin da ke ajiye mutum a mataki shi ne takardar makaranta: mai digiri ya shiga a mataki na 08, daga nan sai shekarun aiki da jarrabawar ƙarin girma da samuwar gurbi. Takardar Amazon ko ta Cisco ba ita ke sauya wannan ba. Hukumar da dokar ƙasa ta sani a sana'ar kwamfuta ita ce CPN, wadda aka kafa da doka mai lamba 49 ta 1993 don yi wa masu sana'ar rajista. Saboda haka wanda ya ci bashi ya yi jarrabawa, ya kai takardar ofishin kula da ma'aikata yana jiran albashinsa ya motsa a ƙarshen wata, zai daɗe yana jira. Za a karɓa, a yi masa barka, a sa a fayil.

Duk da haka mun ga inda ta yi wa ma'aikaci rana, sai dai ta wata hanya dabam. Ma'aikatu suna ta mayar da ayyukansu kan kwamfuta, albashi da haraji da rajistar filaye, kuma yawanci 'yan kwangila ne ke kawo manhajar su kafa su tafi. Ma'aikacin da ya fahimci abin da aka kafa, shi ake sa wa a kwamiti, shi darakta ke nema in abu ya tsaya, shi ne kuma zai iya duban takardar ɗan kwangila ya ce, ranka ya daɗe, wannan da aka rubuta ba a kawo shi ba. Wannan ba ƙaramar hidima ba ce ga dukiyar jama'a, ko da ba ta fito a takardar albashi ba. Amma da sharaɗi. In ka dawo da takardarka aka mayar da kai kan teburin da ka baro kana jera fayil, cikin shekara guda abin da ka koya zai zube, cikin uku takardar ta mutu. Tun kafin ka tafi, ka nemi maigidanka ya yi maka alkawarin aikin da za ka yi da ita, in da hali a rubuce. In ma'aikata ce za ta biya, ka karanta sharaɗin shekarun da za ka yi mata kafin ka sa hannu. Mun kuma san cewa da yawa daga cikinku ƙofar fita kuke nema da ita, zuwa banki ko ƙasar waje. Ba mu ga laifinku ba, ko da yake abin yana yi mana ciwo in muka ga gwamnati ta horar, wasu sun kwashe.

Ku kuma ɗalibai, musamman waɗanda muka ji suna cewa me za a yi da digiri tun da ga takardar wata uku, ku sake tunani. Waɗanda suka tsira sa'ad da NetWare ta faɗi su ne waɗanda suka san yadda saƙo ke tafiya daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ko ta wane kamfani ce. Sun koyi sabon kaya cikin 'yan watanni suka ci gaba da aiki. Waɗanda suka haddace wurin dannawa kawai su ne suka sha wuya. Darussan nan da kuke ƙorafi a kansu, lissafi da tsarin bayanai da yadda manhajar da ke tafiyar da kwamfuta take aiki, su ne ba sa tsufa da sauri. Shawararmu ita ce kada ku tara takardu tun kuna aji biyu, domin wa'adinsu zai ƙare kafin ku gama bautar ƙasa. Ku zaɓi fanni ɗaya, ku yi aikin hannu a kansa lokacin koyon aiki da lokacin hutu, ko da kyauta ne, sa'an nan ku zauna jarrabawa ɗaya dab da lokacin da za ku shiga kasuwa. Kada kuma ku biya kuɗinta sai kun tabbata za ku ci, domin faɗuwa ɗaya a farashin yau ta isa ta girgiza gida. Ku riƙa bincika rangwamen ɗalibai da tallafin da kamfanonin kan bayar lokaci lokaci, da shirye-shiryen gwamnati irin su 3MTT da aka ƙaddamar a 2023. Sai dai ku bambance tsakanin takardar halartar kwas, wadda ke cewa wane ya zauna a aji, da takardar jarrabawar da aka tsare mutum ya yi. Masu ɗaukar aiki sun san bambancin.

Ya Shugaba, kafin mu zauna muna da roƙo ɗaya ga ƙungiya. Abin da ya raba yarinyar nan da saurayin nan a labarinmu shi ne ita ta sami inda ta taɓa kaya, ta ɓata, ta gyara. Yawancin ɗalibanmu ba su da irin wannan wuri, kuma ba laifinsu ba ne. Muna roƙon ƙungiya ta nemi hukumar jami'a ta ba ta ɗaki ɗaya mai wuta. Tsofaffin kwamfutoci biyar ko shida da ma'aikatu ke zubarwa sun isa, da na'urorin sadarwa biyu ko uku na hannu, waɗanda tsofaffin ɗalibai da ke aiki a bankuna da kamfanonin waya za su iya nemo muku in kun rubuta musu. Manhajar Linux kyauta ce, haka Packet Tracer ta Cisco ga wanda ya yi rajista a makarantarsu ta intanet. A naɗa ɗalibi biyu su riƙe mabuɗi, a ajiye littafin da kowa zai rubuta abin da ya ɓata da yadda ya gyara shi. In an sami ɗakin, mu mun ɗauki nauyin zuwa ranar Asabar ta farkon kowane wata mu ɓata muku kwamfutocin, ku kuma ku gyara.

Wanda ke da tambaya, bisimilla.